Na sayi metal kafin a buɗe injin

Shekara shida Fijo 504 ɗin mahaifinmu tana ajiye a ƙofar gida a Gangare, cikin Jos, har kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975. Da na yi niyyar tayar da ita, sai na ɗauki littafi na rubuta abin da nake jin injin zai ci: fistan, ringi, metal (shimfiɗar ƙarfen da kirankishaf, wato sandar da fistan ke juyawa, ke gudu a kanta), gasket, kuɗin aiki. Na tara jimilla, na ga albashin wata uku zai ɗauka in na matse ciki.

A Asabar ɗin makon na sauka Dilimi na sayo metal sabo fil a kwali, don kar farashi ya tashi.

Da aka ja motar zuwa Farin Gada, wurin tsohon makanikin da ke duba ta tun Baba na raye, ya juya kwalin a hannu ya ce, "Ɗana, wa ya auna maka?" Na ce ai na 504 ne. Bai ƙara magana ba. Sai da aka sauke injin aka wanke shi da kananzir, ya kama yatsana ya bi da farcena a kan kirankishaf. Farce na maƙalewa a zane-zanen da datti ya yi. Dole a kai shi a goge, kuma in an goge ya rage kauri, metal ɗin da na saya ya yi masa yawa. Mai shago ya ce an riga an ɓare kwali, gaskiyarsa ce. Yana nan a durowata har yau.

Inda Allah ya taimake ni, wannan injin mai lita 2 silindarsa zare ta ake yi, ba a jikin bulok aka huda ta ba. Ana sayen silinda da fistan da ringi a haɗe, babu kuɗin boran, wato faɗaɗa ramin silinda. Amma tana da nata tarkon: in an cire kan injin aka juya kirankishaf ba a danne silindojin ba, sai su ɗaga, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Na ga tsohon ya ɗaure su da manyan wasa (zobban ƙarfe) da kusoshi kafin ya bar yaransa su matso.

Abin da ya cinye kuɗina ba ya cikin littafin ko kaɗan: lagireto da tsatsa ta toshe, famfon ruwa, sarkar taimin, robobin ruwa da suka bushe kamar ƙirgi, wankin kafireta, batir. Tsohon ya hana ni ɗan Beljiyam, wato na hannu, a gasket da ringi, ya bar ni na saya a kik da altaneta. Fenti da kujeru kuwa na soke su. Wata uku ya zama bakwai.

Ran da za a tayar da ita hunturu ya sauko, irin sanyin Jos mai sa haƙori kaɗawa. Ya ja cok, ya murza sau uku, ta yi tari ta kama. Ya ce kar in take ta, in yi ta lallaɓawa tsakanin gida da Bukuru, sannan in dawo a juye mai a sake ɗaure kan injin. Na dawo, an yi. Hawan Kibo dai, tudun nan na hanyar Akwanga, ya ce sai bayan Sallah, kuma shi zai zauna a gaba.