Wata Shida Ina Bin Ƙanwata da Kyamara

Lokacin da na fara koyon ba da labari da hotuna, malaminmu ya umarci kowannenmu ya zaɓi mutum ɗaya ya bi rayuwarsa har tsawon wata shida, kada ya tsallaka zuwa kan wani. Na zaɓi ƙanwata, 'yar baffana, mai shekara 19, wadda take fama da sikila, wato amosanin jini, tun tana goye. Izininta na fara nema kafin na iyayenta, ta kuma amince bisa sharaɗin cewa duk hoton da bai kwanta mata ba zan goge shi a gabanta.

A makonnin farko ba na ɗauko kyamara sai ciwo ya tashi, kuma da yake hunturu ne, ya tashi har sau biyu, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya yi ta sara kamar ana kwankwatsa shi. Ba sa kuma wuce kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya kan kai kwana 120, shi ya sa jini yake yawan yi mata ƙaranci, idanunta su yi rawaya. Na ɗauki ledar jini a rataye, na ɗauki hannunta da allurar ƙarin ruwa, na ɗauki fuskarta tana cije leɓe.

Da ta samu sauƙi na nuna mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yaya, ciwon ka ɗauka, ni ban ga kaina a nan ba." Ba ta ce in goge ko ɗaya ba, amma maganar ta hana ni barci a daren.

Daga nan na koma zuwa gidansu a ranakun da babu abin da ke faruwa, kuma a nan ne na koyi aikin. Na koyi zama a ƙasa kan tabarma har mutanen gida su manta da ni, na daina kunna fitilar kyamara, na riƙa jiran hasken hantsi ya shigo ta taga. Da asuba mahaifiyarta kan ɗumama mata ruwan alwala a ƙaramar tukunya, ta tsoma yatsa ta ji ɗuminsa kafin ta juye a buta, kuma hoton wannan yatsan ya fi duk na asibiti bayyana abin da gidan yake ɗauke da shi. Akwai gorar ruwan da ba ta rabo da ita, akwai ƙwayar folik asid a gefen kofin kunu, akwai gidan sauron da take sokewa da kyau kowane dare saboda zazzaɓin cizon sauro yana iya kai ta gadon asibiti. Akwai kuma hannunta yana zana lalle a ƙafar wata amarya, domin sana'arta ke nan, kuma ta ƙware.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jininsu ba tare da suna fama da ciwon ba, kamar iyayenta, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ina goyon bayan gwajin jini kafin aure ɗari bisa ɗari, sai dai hotunan da ake yaɗawa duk ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, suna damuna, domin yawancinsu na yara ne a kwance suna kuka. Ƙanwata ta sha jin ana cewa irinsu ba sa daɗewa, wani lokaci ma a gabanta, kuma irin waɗannan hotunan suna ƙara wa wannan magana ƙarfi.

Da wata shida suka cika, muka baje hotunan a kan gadonta muka zaɓi 12, ita ce kuma ta rubuta bayanin da ke ƙarƙashin kowanne. Daga na asibiti guda ɗaya kawai ta bari, wanda mahaifinta yake zaune a bakin gado da takardar magani a hannu, ta sa shi na bakwai, tsakanin na gorar ruwa da na lalle.