Ayabar sabon fili ta tsaya wa iskar farkon damina

'Yan uwa masu koyon noman ayaba, hadarin farkon damina ya wuce da iskarsa mai ƙarfi, kuma a sabon filin da na dasa bara ko gindi ɗaya bai kwanta ba, alhali a tsohon lambu ayaba ta zube tare da nononta tun bai ƙosa ba. Ba zan ɓoye ba, na yi farin ciki ƙwarai.

Wannan faɗuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na tokare da gwafa, na ƙara takin gargajiya, duk a banza, domin ciwon yana ƙarƙashin ƙasa. Idan kuka tono gindin da ya faɗi za ku tarar saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe, aikin wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, sannan gindin kansa duk ramuka ne na tsutsar ƙwaron ayaba. Kuma mu ne ke kai su sabon wuri a jikin 'ya'yan ayaba, wato tsiron da ke fitowa a gefen gindi, da muke karɓa wajen maƙwabta don dasawa.

Saboda haka kafin in dasa sabon filin na bi hanyar da IITA, cibiyar binciken aikin gona da ke Ibadan, take koya wa manoma. Na fere kowane ɗan ayaba da wuƙa mai kaifi, na cire saiwoyi duka har sai da farin naman gindin ya bayyana, wanda ramuka suka yi wa yawa kuwa na jefar da shi. Daga nan na tsoma gindin cikin tafasasshen ruwa na sakan 30 kacal don kashe tsutsotsin da suka rage. Akwai wata hanyar ta ruwa mai zafin digiri 52 zuwa 55 na minti 20, amma tana buƙatar ma'aunin zafi, ni kuwa rabin ganga da murhu nake da su. Kuɗin itace da na leburori sun ƙona mini aljihu, har na fasa sayen buhun takin zamani.

Maƙwabtana sun ce dafa iri nake yi, kuma da tsiron ya yi jinkirin fitowa sai dariya ta ƙaru. Ban ga laifinsu ba, domin manomi ba ya karɓar abin da bai ga amfaninsa a gonar wani ba. Yanzu su ne ke tambayar aron ganga.

Abin da ya rage shi ne rage 'ya'ya, a bar uwa da 'ya da jika, wato babbar shuka da mai bi mata da ƙaramin tsiro, a kowane gindi, sai kuma tsohon lambu, wanda nake shirin tumɓukewa in hutar da shi da wata shukar kafin ayaba ta koma.