Mil 600 a yini ɗaya da ɗaki a bayan mota

A taswirar Google, daga Houston zuwa Amarillo, a jihar Texas ta Amurka, tafiyar awa tara ce da 'yan kai, mil 600 ko kusa da haka. Ga mutumin gida, a ce Kano zuwa Legas. Na taɓa yin hanyar a yini ɗaya da motata ita kaɗai, na isa lafiya lau. Shi ya sa da muka tashi kai yara su ga Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, a hutun Yuli, ban yi dogon tunani ba na rubuta cewa kwanan farko a Amarillo za mu yi, har na biya kuɗin masauki tun saura sati uku. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, wannan karon akwai ɗakin tafi-da-gidanka mai tsawon ƙafa 26 maƙale a bayan a-kori-kurata, da gadajensa da kicin da tankin ruwa.

Awa taran nan ta mai ƙaramar mota ce, wanda ke gudun mil 75 a awa, ya sha mai sau ɗaya ya wuce. Mai jan ɗaki ba haka yake tafiya ba. Motar da ke ba ni kusan mil 20 a galan sai ta koma tara zuwa goma, kafin mu yi mil 180 allurar mai ta fara kwanciya. Kuma ba kowane gidan mai zan faɗa ba, sai mai fili, wanda zan shiga ta nan in fita ta can ba sai na yi ribas ba. Ga sallah, ko da an haɗa Azahar da La'asar an yi ƙasaru. Ga yara da bayan gida. Kowace tsayuwa sai na zaga na taɓa tayoyi, na duba sarƙa da mahaɗi. In aka tattara duka, mil 50 a awa muke ci, ba ƙari. Raba 600 da 50 ka gani: awa goma sha biyu, in komai ya tafi daidai. Da na yi wannan ɗan lissafin a gida, da ban rubuta abin da nake rubutawa yanzu ba.

Mun so tashi ƙarfe shida, ba mu bar ƙofar gida ba sai takwas da rabi. Muka bi babbar hanya ta 45, muka karya ta 287, cunkoson Fort Worth ya ci nasa rabon. Ƙarfe huɗu na yamma muna Wichita Falls, saura mil 225 ko wajen haka. A gidan man nan uwargida ta dube ni, ta ce, "Malam, idonka ya yi ja. Mu nemi wuri mu kwana a nan." Na ce mata ai an riga an biya kuɗin can, kuma a wannan yanki rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Ta ce, "To, Allah Ya kai mu lafiya." Ba ta ƙara ba.

Wannan tsayuwar ita ce nake komawa kanta kullum. Kuɗin kwana ɗaya ne fa, bai kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. A kansa na ƙi jin magana.

Da muka hau hanya sai na fara rama lokaci. Alamar gefen titi tana cewa 75, ni ma na kai allura 75. Tun safe ina riƙe da 62 zuwa 65, don na san tayoyin ɗakin masu alamar ST ne, wato na musamman don tirela, kuma irinsu mil 65 a awa aka saba ƙayyade musu, sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu. Nawa ba a rubuta ba. Na sani sarai. Amma gajiya takan mayar da abin da mutum ya sani kamar labarin da ya ji a bakin wani. Zafi ya kusa digiri 40, kwalta tana tururi, ɗaki cike da kaya da ruwa, rana kuma ta dawo saitin idona. Hanyar 287 tana ratsa ƙananan garuruwa, Vernon, Quanah, a kowanne sai ka rage gudu, in ka fita sai zuciya ta ce ka rama abin da ka rasa. Yankin fili ne fetal, babu abin da ke tare iska. Duk babbar tirelar da ta wuce mu sai na ji ɗakin ya ja ni gefe ya sake ni, hannuwana biyu a ƙanƙame da sitiyari har kafaɗuna suka sage.

Mun wuce Quanah, ba mu kai Childress ba, sai muka ji ƙara kamar ta bindiga. A madubin dama na ga baƙaƙen ɓaraguzan roba suna tashi sama, ɗakin ya karkata, ya dawo, ya sake karkata. Ƙaramar 'yata ta ƙwalla ihu, "Abba!" Uwargida sai salati take yi. Abu ɗaya na yi daidai a ranar: ban danna birki da ƙarfi ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, na bar gudun ya mutu da kansa, sannan na gangara gefe a hankali. Allah Ya sa ɗakin taya bibbiyu yake da su a kowane gefe, ɗayar ta riƙe mu.

Da na sauka ƙafafuna rawa suke. Tayar ba fashewa kawai ta yi ba, fatar bayanta ta ɓalle ta riƙa dukan ƙasan ɗakin kamar bulala. Ta yage murfin da ke saman taya, ta huda daɓen, ta tsinke wayar birkin wannan gefen, ta fasa bututun ruwa. Ina tsugune ina kallon ruwan da za mu sha mu yi alwala yana tsiyaya a kan tsakuwa. Na sa yara da uwarsu suka koma can nesa da titi, cikin busasshiyar ciyawa, ni kuma na kwanta a ƙasa ina fama da jak, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana girgiza ɗakin a kaina. Kusan awa biyu kafin in ɗaura safaya. Sauran tafiyar a mil 50 na yi ta, ba ni da wata safayar, ga birkin gefe ɗaya babu.

Sha ɗaya na dare ta wuce muka shiga masaukin. Wanda bai taɓa yin ribas da ɗaki cikin duhu ba, bayan awa goma sha huɗu a hanya, ba zai gane ba. Uwargida tana baya da fitilar waya, ba na ganinta sosai, ba na jin abin da take faɗa, maƙwabta suna barci. Sau biyar ina shiga ina fita. Na ɗaga mata murya a gaban yara, ita da ta ce mu kwana tun a Wichita Falls. Wannan ya fi mini ciwo a kan kuɗin gyara.

Gyaran ya riƙe mu kwana uku a Amarillo. Garin neman rage kwana ɗaya, biyu daga cikin kwanakin da muka tanada don Grand Canyon suka tafi, ga sababbin tayoyi huɗu, don ban yarda da sauran ba kuma.

A zaman jiran nan na ji ƙa'idar da masu yawo da irin waɗannan ɗakuna suke faɗa wa juna, uku-uku-uku: kada ka wuce mil 300 a yini, ka sauka kafin ƙarfe uku na yamma, ka kwana uku kafin ka sake tashi. Wasu ma biyu-biyu-biyu suke yi. Ba doka ba ce, babu ɗan sandan da zai tare ka a kanta. Direbobin manyan motocin haya ne doka ta ɗaure a Amurka: tuƙin awa 11 kacal cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa goma. Su da tuƙi ne sana'arsu ke nan. Ni da nake jan ɗaki sau biyu a shekara na zarce awa goma sha huɗun nasu, da iyalina a cikin mota.

Maganar kwana uku ta 'yan fansho ce, mai hutun sati biyu ba zai iya ba, ban kuma ɗauke ta ba. Amma mil 300 da sauka da rana tsaka, waɗannan na riƙe su gam. Mil 300 ya ɗan ɗara Kano zuwa Abuja, a takarda kamar ba komai ba, amma da ɗaki a baya awa shida ce cur. In na yi tuƙin kwana biyu a jere, na uku ba na taɓa sitiyari. Kuma na daina biyan kuɗin masaukin ranar farko a wuri mai nisa, don kuɗin da aka riga aka biya shi ne ya ja ni ta hanci.

Sauran tafiyar haka muka yi ta. Amarillo zuwa Albuquerque, kusan mil 290, yini ɗaya. Daga nan zuwa Holbrook, yini ɗaya. Sannan bakin kwazazzabon. In ka nufi yamma agogo yana ƙara maka awa ɗaya da shigarka New Mexico, a lokacin zafi ya ƙara maka wata a Arizona, amma a dawowa sai ka biya su duka, don haka ranakun komowa na ƙara gajarta su.

Daga Amarillo zuwa gida kwana biyu muka yi. Muka sauka a Wichita Falls tun kafin La'asar, na yi ribas sau ɗaya ɗakin ya zauna. Yara suka fita wasa, uwargida ta ɗora shayi. Ƙaramar dai har yau in babbar mota ta zo wuce mu, sai ta kama hannun ƙofa ta rufe ido har ta wuce.