Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwana a Bukka ta Biyu

A makon jiya na tsaya inda Kawu ya kore ni daga rumfar nama a gaban mutane. Allah Ya jiƙansa, ƙanin Inna ne, shi ya ɗauko ni daga Garwa ya kai ni Buea, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, ina ɗan shekara 16, wannan ban manta ba. Amma maganar da ya yi ya yi ta: "Kai ba ka da ƙashin wahala." In na makara da asuba, ita ce. In wuƙa ta yanke ni na ce wash, ita ce. Wani lokaci sai ya nuna dutsen da haɓa ya ce, ga mace can, Sarah Etonge, tana hawa ta sauko kafin azahar, kai kana nan tire ya fi ƙarfinka. Matar nan daga baya sau bakwai ta ci tseren dutsen, ban taɓa jin haushinta ba. Shi nake ji.

Bayan ƙaramar Sallar 1998 wani abokina ɗan Bakweri, ƙabilar da ke zaune a gindin dutsen, mai yi wa Turawa jagora in za su hau shi, ya ce ɗan dako ɗaya bai zo ba, ko zan ɗauki kaya? Ban shawarci kowa ba. Da silifas na tafi, da rigar sanyi ta gwanjo, da zanen Inna da na taho da shi daga gida.

Wanda bai san Dutsen Kamaru ba ya ji: tsayinsa ya haura mita 4,000, babu kamarsa a wannan yanki namu, kuma dutse ne mai aman wuta. Masu wurin suna ce masa Fako. Daga Upper Farm, can saman garin Buea, muka shiga kurmi, jaka a kaina da jarkar ruwa a hannu, don in an wuce bukka ta ɗaya, masaukin farko na masu hawa, ruwa ya ƙare, abin da ka ɗauko shi ke nan. Inda kurmi ya yanke ciyawa ta fara, abokan tafiyata suka tsinki ganye suka yi 'yar al'adarsu ta gaida mai dutsen, wanda suke kira Efasa Moto. Na koma gefe na karanta Ayatul Kursiyyu. Ba wanda ya ce mini don me.

Daga nan hawa ne tsaye. Baƙin tsakuwa mai zamewa, rana a ka, iska a fuska. Igiyar silifas ta tsinke sau biyu, na ɗaure da leda. Gab da magariba muka isa bukka ta biyu, wajen mita 2,800 sama da teku.

An ce yanzu an gyara wurin, har da ɗakunan baƙi. Ni abin da na tarar ɗakin kwano ne, da dandamalin katako da ake jerewa a kai kamar kifi, bango duk sunayen mutane da gawayi. Ƙofa ba ta rufuwa. Ɓeraye ba su tsoron kowa, ɗaya ya bi ta kan ƙafata ya shiga ledar garin rogon da na zo da shi. Turawa suka shige buhunan barcinsu suka zuge. Mu 'yan dako muka haɗa baya da baya.

Na san hunturun Garwa, na san sanyin Ngawundere. Wannan dabam ne. Yana shiga ta tafin ƙafa ya tsaya a haƙori. Kaina na sarawa, numfashi ba ya cika ƙirji. Ruwan jarka na sha ne da girki, na mutane ne, don haka taimama na yi da ƙasar bakin ƙofa, na haɗa magariba da isha'i, goshina a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara. Da na sallame na ɗaga kai. Gajimare a ƙasana yake, wallahi a ƙasana, can ta wata kafa fitilun Duwala suna ƙyalli. Na tsaya ina kallo har yatsuna suka daina ji.

Shekara guda bayan haka, a watan Maris na 1999, dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangara har ya datse hanyar bakin teku a Bakingili. Ƙasa tana girgiza a Buea, kowa ya kwana a waje. Daren nan Kawu ya riƙe hannuna gam, hannunsa na rawa. Na yi shiru. Da ni mai ramuwa ne, ranar ce ranata.

In koma bukka. Ban runtsa ba. Na ƙudundune cikin zanen Inna ina jin kwano yana kaɗawa, ina maimaita maganar Kawu a raina kamar mai jan carbi. Ba ka da ƙashin wahala. To ga ni, ga ƙashin, yana ciwo amma bai karye ba. Wajen ƙarfe uku Baturiyar da ke kusa da mu ta fara amai, ni na tashi na hura wuta na dafa mata shayi. Da asuba abokina ya duba ƙafata ya ga jini ya bushe a dunduniya, ya cire safarsa ya ba ni. Har yau in na ga ɗan Bakweri sai na tuna safar nan.

Mun kai ƙololuwa da hantsi, mun sauko washegari. Aka sallame ni da kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba. Ban sayi ko takalmi ba, na wuce rumfa na ajiye su gaban Kawu, na ce, "Kawu, daga saman dutse nake." Ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce in ɗauki tire in wanke, kwana uku ƙudaje na binsa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi maganar aurena da 'yarsa ta lalace.