Godiya ga ma'aikatan gashin ƙashi da duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an sallame ni daga sashen gashin ƙashi, na koma yin sallah a tsaye bayan karayar cinyar da na samu a hatsarin Keke Napep wajen Kawo.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitan gashin da ya riƙe ni. Da aka yi tiyata aka sa ƙarfe, doguwar kwanciya ta tsotse cinyar har wando ya riƙa yi mata yawa. Sai ya ɗaura mini 'yar jakar yashi a idon sawu, ya ce in miƙe ƙafar cikin daƙiƙa 10, in sauke cikin daƙiƙa 10, shi yana ƙirgawa da baki. Abu kamar wasa, amma kafin a je ko'ina cinya ta hau karkarwa, gumi na tsatstsafowa. Da na fizga sai ya ce, "Malam, ba tsere muke yi ba, sake." A cewarsa, in ka fizga, gudun ne ya ɗaga nauyin, tsoka ta huta, gwiwa kuma ta sha bugu. Saukewar nan da ake rainawa, kan ta ya fi tsanantawa. Ya hana ni riƙe numfashi don kada jini ya hau, ya kuma hana ni yi kullum, sai an ba tsoka hutun kwana ɗaya ko biyu.

Ashe wannan salon na ɗagawa da saukewa a hankali ya daɗe. Wani Ken Hutchins ya tsara shi a Amurka a 1982, a binciken da aka yi kan tsofaffin mata masu raunin ƙashi. Da na ji haka ai sai na rage raki.

Hajiyarmu, Allah ya saka da Aljanna kan addu'o'inki. Uwargida, wadda ta karɓi ƙirgen a gida kuma ba ta yafe ko daƙiƙa ɗaya, na gode. Ƙanena da ya ɗinka mini jakar yashin, maƙwabta na Unguwar Rimi, jama'ar masallacinmu da abokan kasuwa da suka haɗa gudummawa, Allah ya bar zumunci.

Waɗanda na baro a layin gashi, musamman masu shanyewar ɓarin jiki, ina roƙon ku sa su a addu'a. Allah ya ba su lafiya, amin.