Kason 'Yan Latino a Biranen Texas: Darussan da Na Koya daga Alƙaluman Ƙidaya

A ƙidayar jama'a ta 2020 an samu mutum 29,145,505 a jihar Texas ta Amurka, kuma kashi 39.3 cikin 100 sun ce su Hispanik ne ko Latino, wato asalinsu daga Meksiko ne, ko Kuba, ko Puerto Rico, ko wata ƙasa mai magana da Sifaniyanci. Da zarar mutum ya sauka daga matakin jiha zuwa birane, sai wannan adadi ya tarwatse. Laredo, da ke bakin kogin Rio Grande, tana da kusan kashi 95. Brownsville tana bin ta a baya da kusan 94, El Paso kusan 81, San Antonio kusan 64. Houston tana da 44, Dallas 42, Austin kuma kusan sulusi. A Plano, arewa da Dallas, ba su kai kashi 20 ba. Jera waɗannan lambobi aiki ne na minti biyar. Wahalar tana wajen sanin abin da kowace lamba ta ƙirga da abin da ta bari a waje, kuma nan ne ɗalibai da 'yan jarida suka fi zamewa.

Abu na farko da na koya shi ne kada kaso ya rufe wa mutum ido daga yawan mutane. Laredo tana da mutum 255,205, don haka 'yan Latino ɗinta ba su kai dubu 250 ba. Houston, mai mutum 2,304,580, tana da 'yan Latino sama da miliyan ɗaya, har ta zarce San Antonio wadda nata suka kai wajen dubu 916. In tambayar ita ce ina al'adarsu ta mamaye kasuwa da majalisar gari, a duba kaso. In kuwa tambayar ita ce ina za a buɗe asibiti ko a ɗauki malamai masu jin Sifaniyanci, a duba yawan kai. Haka kuma ba a haɗa kason birane biyu a raba biyu. Wanda ya haɗa 95 na Laredo da 44 na Houston zai samu 69.5, alhali in aka tara 'yan Latino na biranen biyu aka raba da jimillar mazaunansu, abin da ke fitowa kusan 49 ne. A tara mutane tukuna, sannan a fitar da kaso.

Babban ramin yana cikin takardar ƙidayar kanta. A 2020, kamar yadda aka saba tun 1980, tambayoyi biyu ake yi wa kowa. Ta farko: shin kai Hispanik ne ko Latino? Ta biyu: mene ne launin jinsinka, fari, baƙi, Ba'indiyen Amurka (ɗan asalin nahiyar), ɗan Asiya, ko wani daban? Amsar ɗaya ba ta soke ɗayar, domin ɗan Latino yana iya zama fari ko baƙi ko ruwa biyu. Saboda haka wanda ya ɗauko adadin fararen fata daga jadawalin launin jinsi, ya ɗora adadin 'yan Latino a kai, ya ƙirga wasu mutane sau biyu, kuma jimillarsa za ta haura 100. Maganin wannan shi ne a yi aiki da jadawalin da ya riga ya raba su. A ƙidayar 2020 lambarsa P2, kuma P4 shi ne takwaransa na masu shekara 18 zuwa sama. A binciken shekara-shekara da ake kira ACS lambarsa B03002: layi na 1 jimillar mutane, layi na 3 fararen da ba 'yan Latino ba, layi na 12 'yan Latino baki ɗaya. A raba layi na 12 da layi na 1, an samu kason. Duk ana samun su kyauta a shafin data.census.gov.

Ba kuma wani jami'i ne ke duba fuska ko sunan mahaifi ya yanke hukunci ba. Mutum shi ke faɗa da bakinsa. A ma'anar da gwamnati ke aiki da ita, ɗan Sifaniya yana ciki, ɗan Brazil ba ya ciki, tunda Fotugis ne harshen ƙasarsa. Jikan baƙin haure da ya daina ɗaukar kansa Latino yana fita daga lissafin ba tare da ya bar unguwarsu ba.

Masu kwatanta 2010 da 2020 su yi hattara sosai. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta gyara yadda aka tsara tambayar launin jinsi da yadda take karanta abin da mutane suka rubuta da hannu. Sakamakon haka, a faɗin ƙasar, 'yan Latino da aka lissafa a matsayin farare zalla sun faɗo daga kashi 53 zuwa kusan 20, masu jinsi biyu ko fiye kuma suka ƙaru ninkin ba ninki. Wanda ya kalli jadawalin launin jinsi na Laredo ko El Paso zai zaci farare sun yi ƙaura daga garin, alhali mutanen suna nan, mudun awon ne aka canza. Kason 'yan Latino shi kansa bai girgiza haka ba, shi ya sa ya fi aminci wajen kwatance.

Sai batun iyaka, wanda a ganina shi ne aka fi rainawa. Birni a alƙaluman Amurka yana nufin iyakar hukuma, kuma iyakokin biranen Texas ba su bi yadda mutane suke zaune ba. Alamo Heights, Olmos Park da Terrell Hills ƙananan garuruwa ne masu nasu hukumomin, San Antonio ta kewaye su. Haka Highland Park da University Park suke a cikin Dallas. Yawancin mazaunan waɗannan wurare farare ne masu hali, kuma ba sa cikin lissafin babban birnin. A gefe guda, Pasadena da ke manne da Houston tana da 'yan Latino sama da kashi 60, amma lambarta daban take. Ita Houston ɗin mafi yawanta a gundumar Harris take, sai dai ta shiga Fort Bend da Montgomery. Don haka birni, gunduma, da yankin birni da kewayensa abubuwa uku ne masu lambobi uku, kuma rahoton da ya cakuɗa su a jeri ɗaya ba shi da amfani. Akwai kuma unguwannin bakin iyaka da ake kira koloniya, waɗanda da yawansu suna wajen iyakar kowane birni, wasu ma har yanzu suna fama da rashin ruwan famfo da magudana. Kusan dukkan mazaunansu 'yan Latino ne, amma jerin da aka gina kan birane kaɗai yakan tsallake su, kuma su ne mafi bukatar a gan su.

Ko a cikin birni ɗaya, kaso ɗaya yana ɓoye abu mai yawa. Yammacin San Antonio ya sha bamban da arewacinta. A Houston, Magnolia Park tsohuwar unguwar 'yan asalin Meksiko ce, Gulfton kuwa ta tara mutanen El Salvador, Honduras da Guatemala. Mai son ganin wannan sai ya sauka zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, masu kimanin mutum 4,000 kowanne, ya kuma buɗe jadawalin B03001 da ke rarraba mutane bisa ƙasar asali.

Game da ACS, dole a riƙa tuna cewa ƙiyasi ne daga zaɓaɓɓun gidaje, ba ƙirga kowa ba. Alƙaluman shekara ɗaya na wuraren da suka kai mutum 65,000 ne. Ƙananan garuruwa sai na shekara biyar a haɗe. Kowace lamba tana zuwa da tazarar kuskure a gefenta, a mizanin tabbaci na kashi 90. A ce gari ɗaya ya nuna 62 da tazarar 6, wani ya nuna 58 da tazarar 5. A ninka kowace tazara da kanta, a tara, a fitar da tushen: 36 da 25 sun ba da 61, tushensa kusan 7.8. Bambancin garuruwan 4 ne kacal, bai kai 7.8 ba, don haka babu hujjar cewa ɗaya ya fi ɗaya. Kada kuma a kwatanta 2015–2019 da 2016–2020, domin shekara huɗu na amsoshinsu iri ɗaya ne. A ɗauki zango biyu da ba su hau kan juna ba, kamar 2013–2017 da 2018–2022.

Ita ma cikakkiyar ƙidayar tana da giɓi. Binciken da hukumar ta yi bayan ƙidayar 2020 ya nuna an tauye 'yan Latino da kashi 4.99 a faɗin ƙasar, alhali a 2010 kashi 1.54 ne, kuma an tauye Texas baki ɗaya da kashi 1.92. Masu haya, gidajen da iyalai biyu ko uku suke cunkushe, ƙananan yara, da masu tsoron hukuma su ne aka fi tsallakewa. Sai dai ba a ɗaukar wannan 4.99 a ƙara wa kowane birni, tunda adadin na ƙasa ne, ba a auna shi birni-birni ba. A ambace shi a gefen jadawali, a bar lambobin yadda suke.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne fassara kason da cewa adadin mutanen da suka shigo daga ƙasashen waje ne. An kafa San Antonio a 1718, Laredo a 1755, tun kafin Texas ta ɓalle daga Meksiko a 1836, ta shiga Amurka a 1845, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 kuma ta tabbatar da Rio Grande a matsayin iyaka. Akwai iyalan da kakanninsu suna nan tun zamanin mulkin Sifaniya, kuma mafi yawan 'yan Latino na Texas a Amurka aka haife su. Haka nan kason bai zama ƙarfin ƙuri'a ba. Ƙiyasin 2022 ya nuna sun kai kashi 40.2 na jihar, sun ɗara fararen da ba 'yan Latino ba masu 39.8, amma yara sun fi yawa a cikinsu, wasu manyan kuma ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Mai nazarin zaɓe jadawalin 'yan ƙasa masu shekara 18 zuwa sama yake bukata, kuma a can kason yana raguwa, musamman a Houston da Dallas.

A Maris 2024 ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban Amurka ya fitar da sabuwar ƙa'ida da ta haɗe tambayoyin nan biyu zuwa ɗaya, inda Hispanik ko Latino zai zama zaɓi a jere da fari da baƙi da sauransu, mutum kuma yana iya zaɓar fiye da ɗaya. Duk lokacin da alƙaluman da aka tattara da sabuwar tambayar suka fara fitowa, wanda ke ajiye jerin shekaru na Laredo ko Dallas sai ya ja layi a wannan shekarar, ya rubuta a ƙasan jadawalin cewa tambayar ta canza, kafin ya ce wani birni ya hau ko ya sauka.