Yadda famfon mai ya kwanar da mu a hanya

Jiya da daddare muka dawo, har yanzu kukan motar nan bai bar kunnena ba. Tafiyar awa shida ce, ni da ƙanina, ta koma ta kwana biyu.

Gaskiya motar ta daɗe tana ba ni labari, ni ne ban saurara ba. Wajen sati biyu ke nan, in na murɗa makulli da safe sai injin ya yi ta juyawa kafin ya kama. Na ɗora wa batir laifi. Ga kuma wani siririn kuka daga wajen kujerar baya, kamar sauro a kunne, shi ma na share.

Awa uku na farko lafiya lau. Da muka shiga hawa, ga kaya maƙil a but, na taka totur sai na ji kamar wani ya riƙe ta ta baya. Ta fizga, ta yi tari, ta sake. Ko a miƙaƙƙen titi, da na haura gudun kilomita 100 a awa sai ta riƙa shaƙewa. Rana na take tsaka ta mutu murus. Muka yi zaman minti ashirin a gefen hanya, na murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa.

Garejin farko da muka lallaɓa, wani matashi muka tarar yana danna waya. Ko tashi bai yi ba, balle ya buɗe bonet. Wai filogi ne, in kawo kuɗi. Makaniken da na saba da shi a gida, duk tsiyarsa sai ya saurari inji kafin ya buɗe baki. Muka yi gaba.

Can gaba kaɗan muka samu wani dattijo. Ya buɗe murfin tanki, ya kara kunne.

"Ɗana, murɗa makullin, amma kada ka tayar."

Ya ce lafiyayyen famfo yakan yi ɗan guri na kamar daƙiƙa biyu yana tura mai, sannan ya yi shiru. Nawa nishi yake yi. Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya duba fis da rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta, ya ciro filtar mai ya duba, don toshewarta ma tana kawo irin wannan shaƙewar, kuma mutane da yawa sun sayi sabon famfo a banza saboda ita. Sai ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai. A ma'aunin agogon, wanda ake kira bar, irin motata tana buƙatar wajen 3, allurar ba ta kai 2 ba, da an taka totur kuma sai ta ƙara faɗuwa.

"Kana jira sai fitilar mai ta kama kafin ka sha?"

Ƙanina ya fashe da dariya. Na ce, "Baba, wani lokaci dai." Ya ce famfon a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. In kullum tanki na ƙasa, zafi ke cinye shi, ga dattin gindin tanki da yake zuƙa. Shi ya sa take mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce. Da ya ciro shi, rariyar bakinsa ta yi baƙi ƙirin.

Dare ya yi, babu inda za a samo sabo. Ya buɗe mana ɗakin yaransa muka kwana, ya ƙi karɓar ko sisi a kan haka. Da safe aka kawo famfo, ya haɗa, ta tashi a murɗa ɗaya.

Sauran hanyar ba abin faɗa. Mun isa, mun gama abin da ya kai mu, mun juyo. Tsohon famfon yana but, ƙanina ya ce a ƙofar ɗakina zai rataye shi.